Tsohon da ke sauraron bango

Jiya ruwan farko ya sauka a Zango, na tuna tsohon mai gidan da muke haya. Kafin kowace damina yakan zagaya ɗakunanmu yana ƙwanƙwasa bangon ƙasa da sandarsa, kunnensa a manne. Wata safiya ya tsaya bayan ɗakina, bango na warin danshi, ya ce, "Ɗiyata, kwashe yaranki yanzu." Kafin la'asar ɗakin ya rufta.

Ɗansa da ya gaji gidan ya shafe bangunan da siminti. Yau na ƙwanƙwasa bangon inda yarana ke kwana, ya yi ƙara kamar ganga. Na faɗa wa ɗan, ya ce, "Gidan siminti ba ya faɗuwa, Yaya."

Allah Ya haskaka kabarin tsoho, Ya kai mu rani da rai.