Matar da Ake Kira Rufe-Famfo

A otal ɗin da take shara ba wanda ya riƙe sunanta na gaskiya. Rufe-Famfo ake ce mata, domin ko tana hawa na uku ta ji ɗigar ruwa a kicin, sai ta yar da tsintsiya ta sauko.

"Haba Inna," in ji kuku yana dariya, "ba fa ƙarewa zai yi ba."

Takan murɗe famfon ta ce, "Mu ma haka muka ce."

Garinsu tafiyar yini guda ne a mota, can inda kwalta ta ƙare. Shekarar da rijiyarsu ta ƙafe, mata suka koma tonon yashi a busasshen rafi, suna kwalfar ruwa mai launin ƙasa. Shi 'yarta ta sha, gudawa ta kama ta. Ta goya ta ta nufi asibiti a ƙafa. Ana tsakiyar hanya ta ji goyon ya sake, ya ƙara nauyi. Ba ta sauke ba. Ta ci gaba da tafiya tana yi wa yarinyar hira har bakin ƙofar asibitin.

Bayan wata biyu ita da mijinta suka taho birni. Shi ya kama dako a kasuwa, ita ta samu shara. Ranar da ta fara ganin an zubar da ruwan wurin ninƙaya, ta zauna a gefe ta zuba masa ido har ya ƙare, manaja ya ɗauka jiri ne ya kwashe ta. Har yau, in ta duƙa gyaran gado, wani sa'in takan kai hannu baya kamar mai gyara goyo.

Bara ta je ganin yayarta, wadda ta ƙi tasowa birni. Ta tarar da layinsu duk ƙofofi da kwaɗo, awaki na kwance a ajin makaranta. Ta nemi kabarin 'yarta, yashi ya shafe wurin, waɗanda suka haƙa shi kuma duk suna birni.

Ta ajiye wa yayar jarka biyu da ta ciko daga otal. Tsohuwar ta kurɓa, ta daɗe da ruwan a baki kafin ta haɗiye.

"Wai da gaske ne da irin wannan kuke wanke bayan gida?"

"Da gaske ne, Yaya."

"To kada ki faɗa wa kowa a nan."

Ta roƙe ta su tafi tare, har da kuka. Yayar ta ce gwiwoyinta ba za su iya hawan bene ba, ta rako ta bakin hanya. Motar da ta dawo da ita birni, iyali uku ta ɗauka da katifunsu a sama. Cikin damina aka bugo mata waya cewa yayar ta rasu, mutum biyar suka yi mata salla.