Dauriyar da Muka Yaba wa Habibu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Habibu, kuma har yau in aka ambace shi a unguwarmu ta Gardole, abin da ake fara cewa shi ne, "Allah ya jiƙan mai dauriya." Amin kawai nake cewa.

Ranar da aka yi masa kaciya ko motsi bai yi ba. Wanzami ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, wannan rajil ne, namijin gaske." Mata suka yi ta guɗa. Da ya girma ya kama fawa a mayankar Farsha, wuƙa takan yanke shi sai dai abokan aiki su nuna masa jinin. Wasu suka ce Baba ya dafa shi tun yana jariri, mu kuma muna ta hura hanci. Ko a tsakiyar bazara ba ya gumi, Inna tana tsokanarsa wai jikin 'yan gayu gare shi. Wata rana da azahar ya yanke jiki ya faɗi a bakin mayanka, jikinsa zau kamar dutsen guga. Bai kai la'asar ba.

Sai bara na san abin da ya kashe shi, bayan jikana Sadik, ɗan 'yata Zulai, ya ciji harshensa har jini yana dariya. Likita ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce tun ɗa yana ciki, jiki na fitar da wani sinadari mai kiran jijiyoyi su tsiro, su kuma jijiyoyin suna da wata 'yar kafa mai karɓar kiran. In kafar ta zo a lalace, jijiyar jin zafi da ta gumi ba sa rayuwa. Gado ne, sai ya haɗo ta uwa da uba. Zulai kuwa ɗan kawunta, wanmu ni da Habibu, take aure. Na tambayi magani, ta ce babu, sai dai sa ido.

Zulai ta yi kuka a motar haya. Ni ban ji komai ba, kuma har yau ban ji ba. Aiki kawai nake yi: in jiƙa wa yaron riga da rana, in duba tafin ƙafarsa da yamma.

Da Habibu na nan, na san dariya zai yi, ya ce, "Yaya, ashe jarumtar tawa ta bogi ce?" Ban san ko ya taɓa son yabon nan ba. Ba wanda ya tambaye shi.

Abin da ya bar mana shi ne mun san abin da za mu ji wa tsoro. Yanzu muna koya wa Sadik cewa duk inda ya ga jini a jikinsa, ya rugo ya faɗa. Jiya ya shigo da ƙusa a dunduniya, ya tsaya gabana ya ce, "Iya, wayyo," a hankali, kamar mai biya karatu, yana kallon fuskata ya ga ko ya faɗa daidai.

Na ce masa ya faɗa daidai.