Mutum na Goma a Zaman Makokin Baba Nasim

Ranar Lahadi, 26 ga Janairu, 2025, da hantsi, ina ɗaure kwalaye a shagona da ke unguwar Dengfeng a nan ƙasar Sin, ɗanka Yoram ya bugo mini waya ya ce ka cika a wani asibiti a Hong Kong, inda aka kai ka saboda ciwon zuciya. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Addu'ar da ke biye da wannan a bakin kowane Bahaushe ta taso mini har maƙogwaro, sai na haɗiye ta, domin ban san ko ya halatta in yi maka ba. Tun daga ranar, Baba Nasim, a rikice nake.

Sunanka na yanka Nissim Ohayon, Bayahude haifaffen Maroko, mai sayar da maɓallai da zif ga masu ɗinkin wando. Mu ne muka mayar da kai Baba Nasim, kai kuma ka amsa. Shekara tara da suka wuce, ina sabon ɗalibi daga Kano, na ɓata a tashar jirgin ƙasa ta Tianhe ranar Juma'a. Ka gan ni da hula, ka gaishe ni da Larabci. Na ɗauka Musulmi ne, na ce mu yi sauri kada mu rasa jam'i. Ka bar abin da ya fito da kai, ka raka ni har ƙofar masallaci, sannan ka ce nan ce iyakarka, in shiga kai ka koma. Kunyar da na ji a ranar har yau ba ta gama sakina ba.

Daga baya ka gayyace ni zaman karatun da kuke yi duk Alhamis da yamma a falonka. Ni da na tashi a makarantar zaure, inda malam ke fassara ɗalibi na cewa na'am, na ga abin da ya ɗaure mini kai. Za a karanta layi ɗaya na Attaura, sai gardama ta kaure. Wannan ya ce kaza, wancan ya buga tebur, mai sayar da wayoyi ya ƙaryata likita, kai kuwa kana zuba shayi kana murmushi kamar an yi maka bushara. Na zaci za a ba hammata iska. Ka ce mini a wurinku karatu ba a yin sa mutum ɗaya, sai da abokin da zai ja da kai. Da abokin karatunka ya tafi gida lokacin korona bai dawo ba, ka ɗauke ni a madadinsa na wata da watanni, muka yi ta bin labarin Annabi Yusuf, ni da abin da Alƙur'ani ya faɗa, kai da abin da ke littafinku. Ba ka taɓa kirana zuwa addininka ba. Ni na kira ka zuwa nawa sau ɗaya, ka yi godiya ka ƙara mini shayi.

In gardama ta lafa sai ka ba da labari, kuma labaranka ba su da ƙurunƙus. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na telan da ya ɗinka riga domin baƙon da yake jira. Baƙo bai zo ba. Duk shekara tela yakan farke rigar ya ƙara mata faɗi, wai ai yanzu baƙon ya yi ƙiba. Da shekaru suka ja sai ya koma rage ta, wai ai yanzu ya tsufa ya rame. Na tambaye ka sai me ya faru. Ka ce kai ma shi kake so ka ji daga bakina. Na yi fushi ranar, domin a ganina ka raina mini hankali ne.

Sau ɗaya tak na ga tsoro a fuskarka. Ka ce abin da ke damunka shi ne ka mutu a garin da ba za a sami mutum goma da za su tsaya wa ɗanka ba, domin addu'ar da ɗa ke yi bayan mahaifinsa ba ta yiwuwa sai maza goma sun hallara. Na bugi ƙirji na ce goma kawai? A Dengfeng ko ɗari kake so zan tara maka kafin shayi ya huce. Ka yi dariya har da hawaye, ka ce ka riƙe ni da alkawari.

An binne ka a Hong Kong ranar Litinin. Talata iyalinka suka dawo gidanka na Tianhe domin zaman kwana bakwai, kuma ta zo daidai da jajiberin sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da gari ke watsewa, mutanenku ma akasari sun yi tafiya. Na tuna alkawari. Na bi shago-shago, wasu suka ƙi, suka ce ban ga abin da ke faruwa a duniya ba? Ban yi musu da kowa ba. Na sami mutum tara, ni na goma, ciki har da Barmo ɗan Maraɗi da kuke hira da Faransanci. Muka sa manyan riguna, muka sayi dabino, muka isa bayan azahar ina tafe ina jin kaina.

Muka tarar an rufe madubai da zannuwa, Yoram da mahaifiyarsa suna zaune a kan 'yan gajerun kujeru, rigarsa a yage daga ƙirji. Da lokacin addu'a ya yi sai Yoram ya miƙe ya fara ƙirga mutane. Ashe ku ba ku ƙirga mutum da ɗaya, biyu, uku. Wata aya ce mai kalma goma, kowane mutum a sauke masa kalma guda. Na ga idonsa ya sauka a kan likita, ya sauka a kan mai wayoyi, ya zo kaina ya tsallake, ya tsallake Barmo, ya tsallake mu duka. Ayar ta tsaya saura kalma ɗaya.

Ya jawo ni gefe, idonsa jajir. Ya ce, "Izzuddeen, na gode da zuwanku. Amma goman sai Yahudawa. Mu tara ne, kuma in rana ta faɗi ta yau ta wuce."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Barmo ne ya raɗa mini cewa tunda ba mu shiga ƙirga ba, ai sai mu shiga nema. Muka koma bakin ƙofa kowa da wayarsa, muka bi duk wani loban da muka sani, wato masu masana'anta da masu shago. Amsa ɗaya ce, meyo, babu. Sai Hajiya Hamdia, 'yar Kumasi mai aika kaya Gana, ta ce akwai wani Bature mai duba ɗinkin wando a Xintang, sunansa Leon, ta taɓa jin ya ce shi Bayahude ne amma rabonsa da ibada shekara ashirin. Ni da Barmo muka ɗauki mota. Muka same shi da gajeren wando yana ba tukwanen furanni ruwa. Da na ambaci sunanka sai ya ajiye butar. Ya nuna mini wayarsa: duk Alhamis, shekara goma sha ɗaya, kana aika masa saƙo cewa akwai kujerarsa. Bai amsa ko ɗaya ba.

Mun iso da Leon rana ta yi ja. Ba shi da abin rufe kai, Barmo ya cire hularsa ya kafa masa. Yoram ya sake ayar, ta kai ƙarshe. Ya yi addu'arsa, mu muna tsaye a bakin ƙofa. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba sai amin.

Ga abin da na kasa warwarewa. Ka san ba zan ƙirgu ba, me ya hana ka gaya mini? Ka ji nauyin karya mini gwiwa ne, ko kuwa ka san abin da kunya za ta sa ni yi? Shin Leon ne baƙon telan nan? Na tambayi Yoram, ya ce iyakar abin da ka bar masa shi ne in goma ba ta cika ba ya kira Izzuddeen. Ka sake bari na da labari ba ƙarshe, kuma wannan karon babu Alhamis da zan zo in ja da kai.

Na je wurin Malam Ibrahim Khalil, limaminmu, na tambaye shi abin da ya halatta. Ya ce ta'aziyya haƙƙin maƙwabci ce, in yi ta da zuciya ɗaya, amma neman gafara in kame bakina, in bar al'amarinka ga Ubangijinka. Na bi maganar malam, ko da yake ta yi mini nauyi, domin ina ƙaunarka kuma ina kewarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Mazal, da Yoram, da abokan karatunka na Alhamis, da Leon wanda na ji bai fasa zuwa ba har aka tashi daga zaman. Allah ya ba ku haƙuri da juriya, ya raya abin da ya bari, ya sa mu cika da kyau. Kai kuwa, Baba Nasim, na rako ka iyakar inda zan iya zuwa, kamar yadda ka yi mini a ƙofar masallaci. Na bar ka a hannun wanda ya halicce ni ya halicce ka. Shi dai ba ya kuskuren ƙirga.