Furen da Bai San Ranar Ista Ba

Tun tasowata ban taɓa shuka abin da ba a ci ba. A gidanmu a Shika, ko zogalen da ke jikin danga don miya aka bar shi. Saboda haka ranar da wata dattijuwa 'yar cocinmu ta ɗora mini buhun siminti a cinya, na leƙa na ga albasa goma sha ɗaya da ƙasa a jikinsu, sai na yi mata godiya irin ta wanda aka ba cefane.

"Ba ta miya ba ce, 'yata," in ji ta. "Lili ne, wani irin fure. Kika ci, sai asibiti."

Mutuniyar Kudu ce, tana da shago a Sabon Gari, ta daɗe a Zariya har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Ita ke ƙawata bagadin coci duk ranar Ista da jajayen furanni masu farin maƙogwaro, waɗanda kowa ke magana a kansu har a tashi. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka matsa sai ta koma gida. Ban san abin da ta gani a wurina ba, ni malamar lissafi da ke zaune a gidan haya a Samaru, amma ni ta zaɓa.

Ta lissafa mini dokoki da yatsu. Kada in binne su duka, in bar wuyansu a waje. In huda gindin tukunya, in haɗa ƙasa da yashi. Kada in yanke ganye sai ya bushe da kansa. Idan damina ta wuce, in daina ba su ruwa, in bar su su yi barci.

"Shi ke nan, Mama?"

"Shi ke nan. Ba su son shisshigi."

Na sayo tukwanen ƙasa a kasuwar Sabon Gari, na dasa su yadda ta ce, na jera a baranda. Kwana biyu da yin haka na dawo daga makaranta na tarar ba wuyan albasa ko ɗaya a waje. Maigidana ya ciko kowace tukunya da ƙasa har baki, ya danne da tafin hannu.

Shi a ɗakin gwajin ƙasa yake aiki, yana auna samfurin da manyan malamai ke kawowa daga gonaki. Bai taɓa noma ko kunya ɗaya ba, amma a ganinsa duk abin da ya taɓa ƙasa a hannunsa yake.

"Malama, wa ya taɓa shuka abu ya bar kansa a rana?" ya ce. "Ki bar wa masu abu abinsu."

Na ce masa mai abin ta ce a bar wuyan a waje. Ya ce ita ilimin gargajiya gare ta. Na tone, ya mayar. Na sake tonewa, sai ya bar zancen ƙasa ya koma ruwa: safe da yamma yana tsaye da buta a baranda yana fito. Cikin wata ɗaya, albasa uku suka ruɓe. Da na ciro su, warin ya kori har kajin maƙwabta. Ya duba, ya shinshina, ya ce tun asali irin ne ba shi da kyau.

Ista ta farko ba mu samu komai ba sai ganye, dogaye kamar na dawa. Shugabar zumuntar mata ta tare ni a ƙofar coci.

"Malama, ina amanar Mama?"

Na ce suna sabawa da ƙasar Samaru ne. Ta ce ikon Allah, ba ta san Samaru da Sabon Gari ƙasa biyu ba ne.

A daminar nan babana ya zo duba mu. Ya zauna a baranda ya daɗe yana kallon tukwanen, sannan ya tambaye ni me ke ciki. Na gaya masa.

"Wannan ai albasar kwaɗi ce," ya ce. "Muna tuge ta a fadama mu yar. Ashe a nan har ɗaki ake ba ta."

Na ce ba iri ɗaya ba ne, Baba. Ya ce to, tana yin 'ya'yan da ake ci? Na ce a'a. Ganyen fa? A'a. Ya ce da barkono na sa a tukwanen da yanzu na huta da saye.

Shekara ta biyu akuyar maƙwabciyata ta shigo. Ba ta ci ko ganye ɗaya ba, ta fi ni wayo, amma ta taka tukwane don ta kai ga reshen gwaiba, biyu suka faɗo suka fashe. Na kwashe albasar na zuba a tsofaffin bokitai da na huda da ƙusa mai zafi. Ban gama hucewa ba, wata Asabar na dawo daga kasuwa na iske maigida da almakashin ɗinkina, ya aske ganyen duka tas.

"Don ƙarfin ya koma saiwa," ya ce.

Na ajiye kwandon cefane a ƙasa a hankali, don na san in ya zauna a hannuna a kansa zai ƙare. Na ce, "Baban yara, ganyen nan shi ke ciyar da albasar. Ka taɓa ganin an ƙwace wa mutum kwano don ya yi ƙiba?" Ya ce zai duba littafi. Ya duba kuwa, domin kwana uku bai tayar da zancen ba, a na huɗu ya sayo mini tsire ba tare da wani dalili ba. Ista ta biyu ko ganyen kirki ba mu gani ba.

Shekara ta uku na ɗaura ɗamara. Da ruwa ya ɗauke, na kwashe sauran takwas ɗin na kai bayan kicin, ƙarƙashin kwanon rufi, na kewaye da tsohuwar ragar kaji. Na ce wa maigida duk ranar da na ga buta a wurin, ni da shi sai gaban fasto. Wata huɗu ban ba su ɗigo ba. Ganye ya bushe ya zube, bokitan suka zama kamar ba komai a ciki. Kullum in na wuce sai zuciyata ta ce mini na kashe su.

Na ɗauki kalanda na ƙirga makonni baya daga Ista, kamar yadda nake koya wa yara. Ranar da lissafi ya nuna, na fito da su na ba su ruwa. Bayan kwanaki sai ga wani koren harshe ya leƙo daga wuyan ɗaya, sannan wani, har guda biyar. Ba ganye ba ne, kara ne mai kauri da kumburi a kai. Daɗi ya ɗebe ni, na tashi a taron zumunta na ce bana kada kowa ya nemo fure, bagadi nawa ne.

Ranar Juma'a Mai Kyau karan sun kai gwiwata, kawunan a rufe. Asabar a rufe. Na kai su rana, na mayar inuwa, na ba su ruwan ɗumi, har magana na yi musu. Safiyar Ista suna nan ƙam, kamar hannun marowaci. Shugabar zumunta ta aika aka ɗauko furannin roba daga ofishin fasto, ta wanke su a famfo a gabana. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana tara aka yi ruwan farko. Washegari, Laraba, ina shirin fita sai na ga baranda ta yi ja. Kowane kara fure huɗu, kowane fure ya kai tafin hannuna. Na tsaya da jaka a kafaɗa ina kallo, ban san ko in yi murna ko in yi tsaki ba. Na yi duka biyun, na makara a aji. Kafin Lahadi rabi sun yanƙwane.

Da yamma na kira Mama a waya na zazzage mata komai. Ta yi dariya har tari ya kama ta.

"Kai, 'yata! Ni ma duk zamana sau biyu kacal suka taɓa dacewa da Ista. Ruwan sama suke bi, ba fasto ba."

"To waɗanda muke gani a bagadi fa?"

"Kara da ganye na gaske ne. Furen kuwa yadi ne, da sitati. Ni nake yankawa in ɗaura. Wa ke hawa bagadi ya shinshina?"

Na ce, "Mama, shekara uku! Me ya hana ki gaya mini?"

"Ba ki tambaya ba. Kuma da na faɗa, da ba ki koyi rainonsu ba."

Yanzu sun hayayyafa sun cika bokiti goma sha huɗu, har na dasa wasu a ƙasa a jikin katanga, inda ruwa ba ya kwanciya. Suna fure lokacin da suka ga dama, wani lokaci kafin Ista, galibi bayanta. Na daina yi wa kowa alkawari. Idan sun buɗe, Lahadin da ta fi kusa nakan ɗora bokiti biyu a keke mai ƙafa uku in kai coci, ko da wa'azin ranar a kan zakka ne. Makon jiya ina kicin na ji maigida a baranda yana yi wa wani abokin aikinsa bayani, wai sirrin duka shi ne a bar wuyan a waje, kuma shi da kansa ya gano haka bayan gwaje-gwaje. Na leƙo ta taga na ce masa shayinsa na hucewa.