Baba Rabe, Mai Kai Mu Garin Kakanni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Alhaji Rabe Mai Albasa a gidansa da ke Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan. Ina kan okada a Mokola aka bugo mini waya. Sauka na yi, na zauna a bakin titi.

Baba, wanda ba haihuwar Sabo ba ne, da wuya ya gane rashin da muka yi. Mu in mun samu gurbi a jami'a muka nemi tallafin karatu, a nan sai a ce mu baƙi ne, mu nufi jiharmu. In mun je Arewa, a ji Hausarmu da ta sha Yarbanci, a ce, "Kai kuma ɗan gidan wa?" Mu tashi a biyu babu.

Kai ka share mana hawaye. Motar albasa na sauke kaya a kasuwar Bodija za ta juya Arewa, sai ka cusa ɗalibi kusa da direba, ka raka shi har ƙauyen kakansa. Ka durƙusa gaban dagaci da wannan tsufa naka, ka ce, "Ranka ya daɗe, jikan wane ne, kwano ɗaya muka ci da kakansa." Da bakinka ake ba mu takardar shaidar asali, da ita muke samun tallafin. Ni ma haka ka kai ni, kana yi mini faɗa tun daga Ilorin: "Hanzala, ka kuskura ka yi Yarbanci gaban dagaci, wallahi a can zan baro ka!" Ko kuɗin ruwa ba ka bari na biya ba.

Abin da ke ci mini rai, Baba, shi ne Muhibbat, marainiyar maƙwabtanmu da ta samu gurbin karatun jinya. Tana goye ubanta ya rasu, mahaifiyarta kuma Bayarbiya ce mai tuyar ƙosai, ba ta taɓa taka Arewa ba. Kai kaɗai ka san ƙauyen kakanta na wajen uba, ka yi alkawarin kai ta da zarar ciwon ƙafar da ke damunka ya yi sauƙi. A wurin zaman makoki ta matso kusa da ni, ta ce, "Yaya Hanzala, Baba ya taɓa faɗa maka sunan garinmu?" Na ce mata a'a. Na bi dattawan Sabo ɗaya bayan ɗaya: wannan ya ce wajen Sakkwato, wancan ya ce Katsina. Ga shi an kusa rufe neman tallafin bana, in babu shi kuwa babu karatun.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Ashatu da 'ya'ya da jikoki da 'yan albasa na Bodija, Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Duk wanda ya taɓa sanin Iliyasu Dogo mai fataucin goro, kakan Muhibbat, don girman Allah ya neme ni a masallacin Sabo.