Fura Ba Ruwa Ba Ce

Har na bar aikin nan ba zan manta da ranar da Malam Bukar ya hau sikeli ba. Lokacin ina infirmiya, wato nas, a sashen diyaliz, inda inji ke wanke jinin waɗanda ƙodarsu ta gaza. Ƙa'idarmu, kafin a ɗora mutum a kan inji sai an auna nauyinsa, don abin da ya ƙaru ruwa ne da jiki ya kasa fitarwa.

Malam Bukar baduku ne a Birni, dattijo mai fara'a. Ran nan ya zo ƙafafu kamar turmi, numfashi da ƙyar. Likita ya ce in aka ci gaba haka, ruwan zai cika masa huhu, ba zai kai damina ba. Raina ya ɓaci, na ja matarsa Ya Falmata gefe na fara faɗa. Ta rantse mini ruwan da aka ƙayyade masa, 'yar buta guda a yini, ko ɗigo ba ta taɓa ƙarawa ba. Na tambaye ta fura fa, da kunu? Ta dube ni kamar na zautu.

"'Yar nan, ai fura ba ruwa ba ce. Abinci ce."

Ashe duk mai zuwa dubiya da kwanonsa yake zuwa. Wannan fura, wancan zoɓo, dangi kuma kunun kanwa, wai yana wanke ciki, alhali gishirin kanwar nan shi ke ƙara riƙe ruwa a jiki. Na koma wurin Malam na yi masa bayani.

"Na sani yana cutar da ni," in ji shi. "Amma mutum ya tako tun daga Hamdara da kwano, in ce masa ba na sha?"

Tausayinsa ya kama ni, na bar faɗan. Ya Falmata ce ta gyara mayafi ta ce shi ba zai iya ba, to ita za ta iya, in ya so a zage ta.

Muka zauna na nuna mata: duk abin da zai zube in an karkata kwano, a cikin butar nan ake lissafa shi, kuma ruwa zalla ya fi masa komai. Kanwa da lemun kwalba babu su sam.

Bayan 'yan makonni Malam ya shigo da ƙafarsa, kumburi ya saɓe har takalmi ya shige shi, yana tsokanarta wai yanzu Duwan, wato kwastan, ake kiranta a unguwa, don ba kwanon da ke wuce zaure. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce mini ƙanwar Malam ta daina gaishe ta.

Tun daga nan, in na gama yi wa marar lafiya bayanin abin sha, sai na tambayi danginsa wa zai yarda a ji haushinsa. Wannan mutumin nake fara koya wa.