Takardar da Ta Haɗiye Usmanu

Malami Tamu ɗan manoman albasa ne daga Kimba, amma hannunsa bai taɓa shiri da fartanya ba. Ya tafi Sakkwato ya koyo kwamfuta, ya dawo ya kama ɗan shago a Sabon Garin Jega, yana buga wa ɗaliban sabuwar jami'ar Aliero takardu. Mutum ne mai son tsari har abin ya yi yawa.

Shekarar da aka ce za a raba wa manoman rani taki da irin albasa, ƙungiyarsu ta kawo masa sunaye daga Jega, Aliero da Maiyama. Ya zuba su a fayil irin na XML. To, a ƙasar nan ba a gane mutum sai da garinsu. Usmanu na Kimba daban, na Maiyama daban. Malami ya ga maimaita sunan gari sau ɗari ɓata aiki ne. Sai ya ba kowane gari lamba, ya ware sunayen garuruwan a wani fayil, ya rubuta umarnin da ke tsara takarda a fayil na uku: in an zo kan mutum, a leƙa wancan fayil, a ɗauko garinsu a manna masa. A injinsa abin ya fito tsaf, ya wuni yana washe baki.

Ranar kai suna, ya kwafa wa Magaji, sakataren ƙungiya, a faifai. Fayil biyu ya kwafa, na garuruwa ya zauna a shago.

Abin takaicin, da aka buga a ofishin masu rabo, umarnin ya leƙa bai tarar da komai ba, kuma ko ƙorafi bai yi ba. Ya bar gurbin gari fayau. Jami'i ya ga Usmanu Alu har sau goma sha ɗaya a jere, ya ce maguɗi ne, ya bar ɗaya ya soke goma. Haka aka yi wa masu suna Sabi'u da sauransu.

Cikin waɗanda aka soke har da wan Malami, Usmanu, wanda ya riga ya gyara fadamarsa yana jiran iri. Malami ya buga takardar gaskiyar mai ɗauke da garuruwa, ya yi ta zarya ofis har kwana tara, aka ce motoci sun riga sun sauke kaya. Baƙin ciki ya hana shi cin abinci.

Usmanu ya zo shago, ya zauna ya saurari bayanin fayil uku har ƙarshe, bai katse shi ba.

"To ni ina nike, Malami?"

"Yaya, garinka na cikin wanda na manta."

Usmanu ya gyaɗa kai, ya miƙe. Ranin nan bai dasa ko kunya ɗaya ba, ya tafi Kudu cin rani, har yau iyalinsa kawai yake aiko wa gaisuwa. Malami na nan a shago. Mutanen Kimba ko katin ɗaurin aure za su buga, sai su wuce ƙofarsa su hau mota zuwa Aliero.